Ranar da Fasto Ya Jira Tafinta

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

Na rubuto ne kafin wani ya riga ni, don na san labari ba ya kwana a danginmu. Dattawan ikilisiya sun ce in ɗan huta da fassara wa'azi. Ni fa, wanda tun kina 'yar makaranta nake tsaye a gefen bagadi, har matata ma Tafinta take ce mini.

Ga abin da ya faru. Kin san sabon Fastonmu da Turanci yake wa'azi, ni kuma in juya wa tsofaffi da Hausa. Idan ya rufe littafi ya sassauta murya, to ya zo ƙarshe ke nan, sai in ce jama'a su tashi su yi wa Ubangiji tafi. Ran Lahadin nan ya rufe littafi, ya sassauta murya. Ni kuwa hankalina yana shagona na gyaran kayan lantarki, kan wata fanka da ta ƙi gyaruwa. Sai na ɗaga murya na ce kowa ya tashi ya yi murna. Tsofaffi suka miƙe da tafi, mai ganga ya kama. Da na waiga sai na ga Fasto yana hawaye. Ashe cewa ya yi ciwon matarsa ya dawo, likitoci sun ce iyakarsu ke nan, yana roƙo a yi musu addu'a.

Abin bai yi daɗi ba, na yarda. Amma mutumin nan magana yake kamar yana tsoron a ji shi, lasifikar kuma kin san halinta. Kuskure ɗaya ne zai shafe aikin shekaru? Wata malamar makaranta suka sa a wurina, tana yi tana in'ina. Ni dai na daina zuwa. Su ji da abinsu.

Ki gaida kowa.
Yayanki,
Tafinta

*

Yaya,

Mun gode Allah, duk muna lafiya. Wasiƙarka ta iso, amma matarka ta riga ka a waya, don haka kar ka wahalar da kanka.

Na yi dariya da na ga lasifika ta shigo cikin zancen. Kai da kake gyara ta mutane! Kuma kana tsaye kusa da Fasto har kana jin ƙamshin sabulun rigarsa.

Ba faɗa zan yi maka ba, ban isa ba. Tambaya ɗaya ce. A kan me ya yi wa'azi ran nan, kafin ya rufe littafin? In ka manta, to na makon da ya gabace shi. Kowanne ma ka tuna a bana, ka rubuto mini.

Ina tambaya ne don bara da na zo, na fita daga sujada zuciyata a karye, na ce maka maganar nan ta taɓa ni. Ka ce, "Kin ji yadda na juya ta kuwa?" Na yi shiru a lokacin saboda girmanka. Yanzu tsoro nake ji, Yaya. Maganar Allah tana bi ta bakinka tana shayar da mutane, kai kuma kamar famfon unguwa, ko ɗigo ba ka sha. In ka zauna a gida yanzu, ban san me zai rage maka ba.

Ka je asibiti ka duba matar Fasto. Ba sai ka sa babbar rigarka ba.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, fushi nake yi da ke. Na ajiye wasiƙarki ƙarƙashin wata tsohuwar rediyo, ina kwance fanka ina neman wa'azi ɗaya da zan jefe ki da shi. Na tuna kalmomin da suka ba ni wuya, na tuna inda aka yi mini tafi. Abin da aka faɗa kam, babu.

Na je asibitin. Ɗaki ne mai gadaje a jere, nata yana bakin taga, an rataya mata ledar ruwa. Ta rame ƙwarai. Fasto yana kan kujerar roba yana jiƙa mata leɓe da auduga. Na shirya dogon bayani tun daga hanya, amma yana ganina ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya ce, "Baba, ka zo a daidai. Ni addu'a ta ƙare mini. Ka yi mana."

Na tsaya, na rufe ido, na gyara murya. Auta, sai na kama kaina ina jira. Jira nake wani ya fara faɗa in juya. Ba wanda ya ce komai, ni ma ba ni da komai. Ina jin takalman nas suna wucewa.

Matar ce ta yi magana, da ƙyar ake jin ta. Ta ce, "Baba Tafinta, yau ba wanda za ka bi. Faɗi naka, ko kaɗan ne."

Abin da ya fito ke nan: "Ya Yesu, na daɗe a gidanka ban saurare ka ba. Ka gafarta mini. Ka ji tausayin baiwarka." Daga nan kuka ya ƙwace mini, a gaban marasa lafiya, da furfurata. Ta ce amin, Fasto ma ya ce amin. Na roƙe shi gafarar tafin nan, ya ce ya yafe tun ran nan, abin da ya dame shi shi ne ganin wurina ba kowa ran Lahadi.

Na koma sujada. A baya nake zama, cikin tsofaffin da na sa suka yi tafi. Malamar nan har yanzu tana in'ina, wani lokaci bakina har motsi yake don in gyara mata. Amma ina ji. Wa'azin makon jiya a kan bege ne, in kina so zan faɗa miki shi daga farko har ƙarshe.

Na gode, duk da bakinki.
Yayanki

*

Yaya,

Na karanta ina share ido, yara suna tambaya wa ya mutu. Na lura ba ka sa Tafinta a ƙasa ba. To yanzu me za mu riƙa ce maka? Ya jikin matar Fasto? Muna yi mata addu'a kullum.

Auta

*

Auta,

Matar Fasto ta huta, jiya muka kai ta. Malamar ba ta gari, sai Fasto ya roƙe ni in yi masa tafinta a bakin kabari, na ran nan kaɗai.

Ya ce matarsa ba ta ɓata ba, wanda ya saye ta da jininsa ya san sunanta, ya kuma san na kowannenmu. Na buɗe baki in juya, sai maganar ta shige ni, murya ta ƙi fita. Fasto bai ci gaba ba. Ya dafa kafaɗata, ya jira ni har na iya faɗa.

Ki ce mini Yaya kawai, ya isa. Ki gaida yara.

Yayanki