Masu Gadin Kwamfutar Umma

Litinin

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, aikin asibiti yana tafiya daidai, kuma kina cin abinci a zaune kamar mutum, ba a tsaye gaban na'ura ba. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar babanki da ke tashi idan na ce ya duba famfo, ta kwanta idan zai tafi hira shagon mai aski.

Da hannu na rubuta kamar kullum, zan ɗauki hotonta in turo miki ta waya. Ke ma ki amsa da hannu. Saƙonki na makon jiya rabin haruffansa sun gudu, kuma ba haka na koya miki ba.

Maganar da zan faɗa ta tsaya tsakanina da ke. Shugabar makarantarmu ta tara mu ta ce daga sabon zango duk malamin da ba shi da takardar koyarwa zai ajiye alli. Shekara ashirin da shida ina riƙe da aji ɗaya da takardar sakandare kawai. Ban yi gardama ba, doka ce. Na yi rajistar karatun ta intanet, wata bakwai ke nan ina yi a kwamfutar da kika bar mana a falo, kullum bayan la'asar idan babanki ya fita. Jarrabawar ƙarshe Asabar ce ta mako mai zuwa, ƙarfe goma na safe, awa biyu, da kyamara a buɗe. Wanda kwamfutarsa ta tsaya za a rubuta bai zo ba, sai baɗi. Makaranta kuwa ba za ta jira ni har baɗi ba.

Babanki bai sani ba, kuma kada ya ji daga bakinki. In faɗuwa ce, na fi son in faɗi ni kaɗai.

To, kwamfutar ta lalace da nawa. Idan na kunna ta, sai in wanke kwanuka in shanya su kafin ta buɗe ido. Linzamin ya kafe, akwatuna ja da kore su yi ta leƙowa daga kusurwa. Babanki ya ce ya sa mata antibairos na kyauta, wato manhajar gadin kwamfuta, wai mai aski ne ya nuna masa. Ni dai na raine ku a kan kada ku karɓi alewa a hannun wanda ba ku sani ba. Mutumin da zai tsare maka gida dare da rana bai nemi ko sisi ba, ya kamata ka tambayi kanka me yake ci. Mai shagon kwamfuta na bakin titi ya ce na kuɗi shi ne na masu hankali.

Ke kika karanta wannan abu. Ki faɗa mini wanne ne daidai, a taƙaice, ban da wasa.

Allah ya tsare ki, ya shirya miki hannun rubutu.

Ummanki

Talata

Umma tawa,

Wa alaikumus salam. Na durƙusa har ƙasa, ga hannuna kuma ya yi iya ƙoƙarinsa. Na karanta wasiƙarki a ofis na yi tsalle, har abokiyar aikina ta ɗauka miji na samu. Ummata ɗaliba! Allah ya ba da sa'a. Bakina a ɗinke yake.

Ga amsa a taƙaice. Na kyauta, in na kamfanin kirki ne, yana kama bairos sosai, kuma ya ishi kwamfutar gida irin tamu. Abin da yake ci da kika tambaya, talla ce: zai yi ta leƙowa yana roƙon a sayi babban yayansa. Na kuɗi yana ƙara wasu hidimomi, kamar tsaron kyamara da ajiyar kalmomin sirri da lambar da za a kira in an maƙale. Ba wanda zai sa kwamfuta ta yi wannan nawar shi kaɗai. Akwai abin da ban gani ba.

Ki kalli ƙasan allon ta hannun dama, kusa da agogo. Akwai 'yar kibiya, ki danna ta, ki ɗauko mini hoton abin da ya fito. Kafin nan kada ki danna kowane jan akwati, ko ya ce gidan zai kama da wuta. Kada kuma ki sayi komai.

A gaishe da Baba da ƙafarsa.

'Yarki mai biyayya, yawancin lokaci

Laraba

Zuwa ga Injiniya,
Sashen Kwamfuta.
Sirri ne, a buɗe da hannun mai ita.

Bayan gaisuwa da sa albarka. Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan waya ban taɓa buɗe wasiƙar kowa ba, saboda haka ki san ban yi bincike ba. Littafin Malama ne ya faɗo daga bayan firji, a buɗe, an ja layi ƙarƙashin ranar jarrabawa sau uku da jan biro. Wata shida ke nan da na sani. Na mayar da shi inda yake, har da ƙurarsa.

Kin san ni da mai aski ba wata hira gare mu ba. Mutumin nan labari biyu ne da shi, duka na haddace. Amma kullum la'asar sai in tafi in zauna masa a benci don falo ya zama nata. Kaina ya sha aski har ya fara ƙyalli.

Matsalar ga ta. Kwanaki na ga gargaɗi a kwamfutar, na ji tsoro kada karatunta ya salwanta, shi ne na sa antibairos ɗin mai aski. Da na ga ta fara nawa, na ce ƙila ɗaya ya yi kaɗan, sai na ƙara wani, shi ma na kyauta, mai hoton garkuwa shuɗiya. A gidan waya ƙofa biyu mai gadi biyu muke sawa. Amma tun daga ranar abin sai gaba yake yi.

Ki gyara mata ba tare da sunana ya fito ba. In ta san na sani, za ta ce na yi mata leƙen asiri, kuma kin san tsawon hudubar.

In yatsana ya rufe gefen hoton nan ki yi haƙuri, ba abin da ya ɓata sai gaisuwa.

Babanki

Alhamis

'Yata,

Sallama da fatan alheri. Ga hoton da kika nema.

Tun da za ki gani da idonki, gara in riga ki faɗa, don ban koya muku ɓoye-ɓoye ba. Jar garkuwar nan tawa ce. Na saye ta a wurin mai shagon kwana uku kafin in rubuto miki, ya zo har gida ya saka lokacin da babanki yake wurin aski. Na tambaye ki ne don in ji kin ce na yi daidai. Ba ki ce ba, kuma na lura.

Ban cire ta babanki ba, don ba na taɓa kayan mutum ba da izninsa ba. Amma tawa ma ba za ta fita ba. Abin da aka biya da gumi yana da wanda za a kama in ya gaza. Na kyauta in ya gaza, wa zan kai ƙara, mai aski?

Jiya na zauna gwajin jarrabawa. Ina tambaya ta huɗu allon ya daskare, kyamara ta mutu, na zauna ina kallon fuskata a baƙin gilashi minti ashirin. Saura kwana tara. Ban faɗa wa kowa ba, amma na fara kwashe zanen yara daga bangon ajina ina sawa a jaka.

Ki amsa yau.

Ummanki

Alhamis, da yamma

Umma,

Gaisuwa a gurguje, ki yafe. Ki mayar da zanen yaran nan bango, kwamfutarki lafiyarta ƙalau.

Garkuwa uku na ƙirga a hoton: ja, koriya, shuɗiya. Kin tuna ranar da aka haɗa ki da malamai biyu ku tsare jarrabawar aji shida, kika dawo kina cewa kowa na bin bayan kowa yana sake binciken aljihun yara, har lokaci ya ƙare ba a raba takarda ba? Abin da ke faruwa ke nan. Duk fayil ɗin da kika buɗe sai su ukun sun caje shi, sannan su koma suna cajin juna. Kyamarar kuma ina zargin jar ce ta rufe ta, tana ganin tsare ki take yi.

Ɗaya za a bari. Ko ja ko koriya, duk wadda kika zaɓa za ta kai ki Asabar lafiya. In ja ce, sai mun buɗe wa shafin jarrabawar kyamara. Ki shiga jerin manhajoji kamar yadda na zana a bayan takardar nan, ki cire biyu, ki kashe kwamfutar ki kunna.

Amma tun da ba kya taɓa kayan mutum ba izini, sai ki kira mai kayan ya zauna kusa da ke. Ni dai ban ce komai ba.

'Yarki

Asabar

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, kuma ina da magana da ke, amma bari in fara da abin da ya faru.

Jiya bayan la'asar babanki ya ɗauki hularsa, na ce ya ajiye, kan nan ba sauran abin askewa. Na ce kwamfuta za mu gyara saboda ta ishe ni da nawa. Ya jawo kujera ya zauna yana ta gyaran murya.

Na buɗe jerin kamar yadda kika zana. Na nuna shuɗiyar na ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Ƙanwar koriyar ce, tare suka zo." Ya nuna jar ya ce, "Wannan kuma baƙuwar daga ina?" Na ce, "Baƙuwa mai takarda ce, ba irin naka 'yan rakiya ba." Ya ce, "Ashe gidan nan har da masu haya ban sani ba."

Muna sauka ƙasan jerin sai na ga wasan dararsa ba ya nan. Kin san wasan nan. Shekara huɗu yana bugawa da kwamfuta, yana rubuta cin da ya yi a jikin kalanda, ya kai mataki na ƙarshe saura kaɗan. Sau nawa na yi masa faɗa a kansa bai ko ɗago ba. Na ce, "Malam, ina dararka?" Ya ce ya goge tun makon jiya. Na ce don me. Ya sosa ƙeya ya ce, "Na ga nauyi ya yi mata yawa, ga Asabar ta matso."

Na ce, "Wace Asabar?"

Ya kalli silin ya ce, "Ta ƙarfe goma."

'Yata, ashe ya sani. Na tashi na shiga kicin na ce albasa zan yanka, alhali ba albasa a gidan. Da na dawo na same shi ya ɗauko littafina daga bayan firji, ya buɗe babi na biyar, ya ce, "Zauna, Malama, in yi miki tambayoyi. Ni ma na karanta, wannan babin yana da wuya."

Koriyar babanki na bari. Kada ki ɗauka ra'ayina ya canja, har gobe ina cewa a binciki abin kyauta kafin a karɓa. Amma wannan na san hannun da ya kawo ta, na kuma san abin da ya biya. Jar kuma ba a yi asararta ba, mai shagon ya mayar da ita wayar babanki, tun da shi ne duk saƙon da ya ce ya ci mota sai ya danna.

Yanzu kafin in gyara zaman tabarau kwamfutar ta buɗe. Na yi gwajin daga farko har ƙarshe, kyamara tana kallona ina kallonta.

Saura ke. Kin riƙe sirrin uwa da na uba a aljihu ɗaya kina yi mana dariya daga nesa. Za mu yi wannan maganar in kin zo. Zanen yara na mayar bango.

Allah ya yi miki albarka duk da haka.

Ummanki

Laraba, bayan mako uku

'Yata,

Sallama. Sakamako ya fito. Saba'in da takwas. Shugaba ta ce ajin nawa ne.

Ranar jarrabawar babanki ya kafa kujera a ƙofar gida awa biyu yana korar masu talla, ya ce shi ne antibairos na huɗu.

In kin zo ƙarshen wata ki mayar masa da dararsa. Daga matakin farko zai fara, kuma na ce zan zauna in koya, don a samu mai cinye shi a gidan nan.

Wutsiyar harafinki na "y" har yanzu tana shiga layin ƙasa. Ki gyara.

Ummanki,
Malamar aji ɗaya, mai takarda