Ayabar da Sallau Bai Ɗanɗana Ba

Littinin, 12 ga Nuwamba 1951
Da safe na ga Sallau, mijin yayata Balki, ya sauko daga motar Gaya da wani abu kore a kafaɗa, 'ya'ya jere kamar yatsu. Ayaba, in ji shi. Ya ajiye a ƙofar ɗakin Inna, ya durƙusa ya gaishe ta. Bai ɗanɗana ba. A garin nan wanda ya kawo baƙon abinci shi ke fara sa wa a baki, ko yaro ya sani. Ya dai ce, "Inna, a ba ta kwanaki," direba na ta kiransa, ya ruga.
Ban manta ba, Inna ce ta hana shi ƙaura da Balki zuwa Dosso bana.

Talata, 13 ga Nuwamba
Inna ta ce kwanaki don ta ruɓe? Ta fere biyu da wuƙa ta ci. Wai tana ɗaure baki kamar ɗanyar kanya. Kafin la'asar tana ta murƙususu a tabarma, ciki ya kumbura, ya yi tauri.

Laraba, 14 ga Nuwamba
An ba ta jiƙon kanwa, da ɗan sauƙi. Kawu Maikano ya zo ya zungure ayabar da sanda. "Wanga sammu ne. Ɗiyarmu ta dawo gida, in ya zo ya sake ta." Har an kwaso kayan Balki. Tana kuka, ga tsohon ciki. Kallo nake.

Alhamis, 15 ga Nuwamba
Na ci rabin ɗaya a bayan rumbu. In da sunan Inna aka yi sammun, ai ba zai kama ni ba.
Ya kama ni. Wayyo. To ko guba ce?

Jumma'a, 16 ga Nuwamba
Wasu sun koma rawaya, da ɗigo-ɗigon baƙi, sun yi laushi. Inna ta ce ga mugun abin nan ya fito fili, ta watsa wa akuya. Na wuni ina bin akuyar. Har ɓawon ta cinye.

Asabar, 17 ga Nuwamba
Akuya lafiya lau. Amma akuya ko tsumma ci take.

Lahadi, 18 ga Nuwamba
Na ci mai rawayar, wadda muke cewa ruɓaɓɓiya. Da hannu ta ɓare. Zaƙi! Na zauna jiran ciwo har azahar, bai zo ba. Ban faɗa wa kowa ba, sai na ga fuskar Sallau tukuna.

Littinin, 19 ga Nuwamba
Ya zo. Kawu na zaune a ƙofar gida, fuska a murtuke. Kafin Kawu ya buɗe baki na ajiye ragowar ayabar a gaban Sallau, na zuba masa ido.
"Yawwa, yanzu ta nuna!" Ya ɓare ya ci, ya ƙara. Sannan ya ce ina sauran?
Inna ta ce ta ci tun tana da kyaunta, kore shar.
Ya dafe kai. "Ɗanya, Inna? Ɗanya ko mutanen Gaya sai ta murɗe musu ciki!"
Kawu ya yi gyaran murya, ya shiga tambayarsa yaya hanya.

Har yanzu ina ganin da ya tsaya ya yi bayani ran nan, da duk haka ba ta faru ba. Kuma maganar Dosso tana nan. Ban ce na yarda da shi ba. Kayan Balki dai ni na mayar, tunda akwai nauyi.
Ya ci, na gani. Inna ta gani, Kawu Maikano ya gani, Balki ta gani ta kafar zana. Akuyar ma tana wurin, tana jiran ɓawo.