Rigar da Na Ƙi Ragewa

Ya sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, abokiyar sirrina kuma uwar 'yata,

Na gaji, masoyiyata. Ba da ke na gaji ba, Allah shi ne shaida. Na gaji ne da ganin kina narkewa a gabana kamar sabulun da aka manta cikin ruwa. Jiya kin sake ajiye mini shuɗiyar rigarki a kan keken ɗinki, kin soka allurai a ƙugu, wai in ƙara rage ta. Na ɗauki almakashi, na jujjuya rigar, na ajiye. Hannun da ya ɗinka miki ita da murna ya ƙi.

Kin tuna ranar da ruwan sama ya tsare ki a shagona, tun ba a ɗaura mana aure ba? Burodi da ƙwai kawai gare ni. Kika yi bismilla, kika cinye rabonki, kika kai hannu cikin nawa ko kunya babu, kina dariya da maiƙo a leɓe. A ranar na ce a raina ga wadda zan ci abinci da ita har tsufa. Ina waccan yarinya ta shiga? Wa ya sace mini ita ina ji ina gani?

Yanzu sikelin nan na bayan ƙofar banɗaki kike fara gaisarwa kafin ni. In ya faɗi abin da kike so, gida ya yi haske. In ya saɓa, ko shayi ba kya kurɓa. Matan ofishinku sun haramta shinkafa, sun haramta mai, abin da Ubangiji ya halatta! Azumin nafilar nan da kike jerawa kuwa, ki gafarce ni, na ga kin sha ruwa da magariba, kafin ki tayar da salla kin hau sikeli. Lada ake nema a haka, rabin raina? Wanda ya halicci yunwa shi ya halicci ƙoshi, ya sa su a cikinki don su riƙa gaya miki gaskiya. Jikin nan amana ne. Shi ya ɗauki cikin 'yarmu, shi yake kai goshinki ƙasa a sujada. Laifin me ya yi miki?

Da ni kaɗai ne, da na ci gaba da haɗiye maganata. Amma shekaranjiya kina wurin aiki na zuba wa 'yarmu 'Yar Baba abinci, ta ture kwanon, ta ɗaga riga ta tsuke ciki, ta tambaye ni ko ita ma ta yi ƙiba. Yarinyar da ko haƙoran gabanta ba su gama fitowa ba!

Ba cewa na yi ki ci don ni ba. Ki ci in kin ji yunwa, ki tsame hannu in kin ƙoshi, ki gode wa Allah. In azumi ne don shi, tare za mu yi. Ko kin ƙaru ko kin ragu, ke ce dai zaɓina.

Yau zan rufe shago da wuri, ni zan yi girki. Na lallashi 'Yar Baba, na ce mata Mama za ta ci tare da mu. Ta ce ba za ta taɓa ba sai ta ga kin kai loma ta farko. Na yi mata alkawari da sunanki, kada ki bari in zama maƙaryaci a idonta.

Naki ne ni har numfashin ƙarshe,
Mijinki, telan da ya gaji amma bai fasa ba.