Davou, Za a Ɗora Motarmu a Sikeli

Zuwa ga abokina Injiniya Davou, a can ƙasar Amurka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin can? Namu na Jos yana nan, shi bai yi hijira ba. Na rubuto maka ta shafin jarida ne domin wayarka ta koyi sabuwar ɗabi'a: duk lokacin da na kira, wata Baturiya ce take ɗauka ta ce in bar saƙo. Na bar mata saƙonni har na fara jin kunyarta.

Hotunan da ka aiko sun iso. Na je shagon intanet aka buga mini su a takarda: farfela ta alminiyam, wato sandar da ke kai ƙarfin giya zuwa tayoyin baya, da fulawil mara nauyi, faifan nan da ke bayan inji, da sabon kuloci. Ka ce kai za ka saya, ni in ji da kuɗin jirgi da na kwastan, in ka zo Disamba mu ɗaura wa motarmu. Na lura ba ka faɗi wace Disamba ba. Ka yi dabara, domin waɗanda ka ambata a baya duk sun wuce.

Ka tuna ranar da muka same ta a Naraguta, a bayan gidan tsohon direban wani Baturen haƙar kuza? Baturen ya koma ƙasarsu ya bar masa ita a madadin sallama. Doguwa, mai faɗin ƙirji, ƙofa biyu, inji mai silinda takwas, kaji sun mai da kujerar baya wurin saka ƙwai. Ka buɗe bonet ka sunkuyar da kai kamar ka shiga coci. Ni malamin tarihi, da ya kamata in san yadda dauloli suke ƙarewa, na yarda muka haɗa kuɗi muka saya.

Muka jawo ta da igiya har gidanku a Gada Biyu. Mama ta fito da zani a kafaɗa, ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce da Hausarta mai daɗi: “Wannan mota ba ya da baki, amma shi zai cinye gidan nan.”

Ranar da motar ta tashi kuwa, tagogin unguwa sai da suka yi rawa. Mata suka bar girki, tela ya fito da almakashi a hannu, yara suna ihu. A lokacin, in an ji ƙara a Gada Biyu, fitowa ake yi a gani. Yanzu in salansar babur ta yi tari, sai ka ga an fara jan ƙofofin shaguna.

Ban manta hanyar Bukuru ba, da sassafe, hazo kwance a kan duwatsu, kana taka ta tana ruri, kana cewa da ƙarfi: “Malam, nauyi ne ya yi mata yawa! A rage mata ƙarfe, ka ga tashi!” Ni ina riƙe da ƙofa ina karanto duk addu'ar da na sani.

To, Injiniya, na zauna na auna maganar rage nauyin nan, kamar yadda ka nema.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, a ƙasarku abu yana ƙara tsada ne gwargwadon yadda aka rage shi. Rabona kaɗai zai lashe albashina na wata da watanni, a shekarun da albashin ya ga damar zuwa.

Na kai hotunan Dilimi wurin masu kayan mota. Suka ce fulawil mara nauyi yana sa inji ya zabura, amma a hawa, ko a tafiyar tsaya-tashi, mota takan riƙa mutuwa. Ka san Jos duk hawa ce. Abin da ba ka sani ba shi ne yawan shingayen da aka kafa bayan tafiyarka. Daga unguwarmu Gangare zuwa gidanku sai ka tsaya, ka buɗe but, ka faɗi sunanka, a dubi fuskarka a gwada ta da sunan. Ka hango mu a gaban soja, mota ta mutu, tana tashi da ƙarar bindiga.

Farfela kuma, ta ƙarfen da ke jikinta in ta bugi dutse ta lanƙwashe, mai walda zai gasa ta ya miƙar. Ta alminiyam in ta tsage, ban sami wanda ya ce zai taɓa ta ba. Mai zuba tukwanen dalma ne kaɗai ya dubi hoton da sha'awa.

Ban ma kawo zancen mai ba. Motar da ke shanye galan ɗin ’yan bumburutu kafin ta gama gaisawa.

Duk wannan a kan me? Takardar ta ce motar za ta riga kanta ta dā isa da kamar rabin daƙiƙa. Davou, mutumin da ya yi shekaru yana jiran ka, me zai yi da rabin daƙiƙa?

Ga abin da Baturiyar wayarka ba ta isar maka ba. Mama ta sayar da gidan. Za ta koma ƙauye wurin ƙanwarta ƙarshen watan nan. Ta ce ƙafafunta sun gaji da gudu, kuma ta gaji da share ɗakinka. Ba ta yi kuka ba da take faɗa mini, tana tsince acca a faranti ne. Wanda ya sayi gidan yana son filin da motar take.

Na yi tunanin kawo ta Gangare. Na auna lungunmu da igiya, na je na auna ƙirjinta. Ko an cire madubai ba za ta shiga ba. Garejin da na tambaya a ɓangarenmu sun ce ba sa ajiye abin da ba ranar ɗauka, na ɓangarenku kuma ba kullum nake iya zuwa ba. Yau gaishe da Mama ma sai na duba yanayin gari.

Saboda haka na kira mai sayen gwangwan. Ya zo, ya ƙwanƙwasa ta, ya leƙa ƙarƙashi, fuskarsa ta washe. Ya ce: “Malam, irin wannan ƙarfen an daina yin sa. Kowane gefe nauyi!” Shi ne mutum na farko bayan kai da ya dube ta da ƙauna, kuma abin da kake son raba ta da shi, wato nauyin, shi ya gani ya so. A kilo zai saya. Tayoyin sun zauna, injin ya kafe, don haka a nan tsakar gidan za su yanka ta da wuta.

Ban ce masa e ba tukuna, na ce ya dawo ranar da Mama za ta kwashe kaya. In kana da ja, ka zo ka ja da ƙafarka. Kada ka aiko hoto. Amma na san ka, na kuma san garin da nake kiran ka ka dawo, ban ga laifinka ba. Da ni na sami hanya, wataƙila ni ma wata Baturiya ce take ɗaukar mini waya.

Kasonka zan damƙa wa Mama. Ni abu ɗaya na roƙa a cire mini kafin su kunna wuta: kujerar gaba, ta mai zaman banza. Ka san ban taɓa koyon tuƙa ta ba, kullum cewa nake ai kana nan. Zan sa a turo mini ita a baro, in ajiye a zaure, in riƙa duba takardun ɗalibai a kai.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya raya maka yara, ya sa su ji Hausa ko ta gaisuwa ce. Allah ya kai Mama ƙauye lafiya, ya ba ta barci mai nauyi. Garinmu kuwa, Allah ya dube shi, mu mun gaji da dubawa.

Ka kira Mama. Ni ba sai ka kira ni ba.

Naka har kullum,
Garba, Gangare, Jos.