Sabon Akushin Hajo

Zuwa ga Yaya Mamman, can wurin haƙar kuza.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya iyali, yaya kuma aikin Nasara? Allah ya sa lafiya.

Bayan haka, ruwan da aka yi ta sheƙawa a Yasore ya rushe mana ɗakuna, muka kwashi yara muka koma Tsaskiya, gidan Kawu Sule. Jiƙewa da firgita suka tayar wa ɗiyata Hajo farfaɗiyarta, ta faɗi a tsakar gida, kowa yana kallo.

Washegari Kawu ya ba ta sabon akushi da moɗa, wai gatan jika ne. Na yi godiya. Amma na lura ba a wanke su tare da sauran kwanoni, kuma da ta matso sai a janye yara. Jiya Kawu ya ce mini, "Audu, sai ku nemi wuri, zan zuba gyaɗa a ɗakin da kuke ciki."

Ka gaida mutanenmu, ka sa Hajo a addu'a. In zargi ya yi mini yawa ka faɗa mini, Yaya, amma gyaɗar Kawu ko fure ba ta gama yi ba.

Ƙaninka, Audu.