Bugu Uku a Waƙar Inna

Litinin, 5 ga Oktoba 1987
Sabon maƙwabci a hawan da ke saman nawa, ɗan ƙasar Sin, sunansa Mista Kwang. Fiyano tun safe, wuri ɗaya yake ta maimaitawa kamar mai koyon ƙulhuwa. Na dawo daga aiki a asibiti a gajiye, na buga silin da tsintsiya.

Asabar, 17 ga Oktoba
Ya sauko ba da haƙuri da lemo uku. Ashe rubuta kiɗa yake yi a takarda, wasu su kaɗa. Ya ce shekara tara ya yi yana shuka shinkafa a wani ƙauye, lokacin da aka hana irin kiɗansu a ƙasarsu. An ƙona takardunsa. Can ya koyi sauraron waƙoƙin matan ƙauye yana rubutawa a bayan kwalin taba. Yatsunsa biyu sun karkace, ban tambaya ba.

Lahadi, 8 ga Nuwamba
Na sa kaset ɗin Inna ina girki, wanda ƙanena Uwaisu ya ɗauka a Gumel kafin ta rasu. Tana daka tana waƙa, tana jero 'ya'yanta: Uwaisu, Shafa'atu, Hansai. Ban da ni. Ni ce 'yar fari, kunya ta hana ta kama sunana har ta koma ga Allah. "Waccan" take ce mini. Kowa ya ce al'ada ce. Na sani. Amma shekara arba'in da ɗaya ina tambayar kaina ko kunyar ce kawai, ko dai ba na ranta.
Kwang ya ƙwanƙwasa. Wai ta bututun ruwa ya jiyo waƙar, yana son aron kaset ɗin. Na ce a'a. Muryarta ke nan da ta rage mini.

Laraba, 11 ga Nuwamba
Na ba shi. Kwana biyu, na ce, kuma in rikodarsa ta tauna zaren to ya nemi wani gidan.

Juma'a, 13 ga Nuwamba
Ya dawo da shi lafiya, da takarda cike da ɗige-ɗigen fensir. Ya nuna mini wani wuri da babu komai. Ya ce duk zagaye, kafin sunan Uwaisu, muryar takan tsaya, taɓarya ta sauka sau uku ita kaɗai. Sau bakwai a kaset ɗin, ba ta kuskure ko ɗaya ba.
Na ce numfashi take ja, tsohuwa ce.
Ya ce, "A'a, tana jan numfashi a wani wurin daban. Nan ajiye wuri ta yi. Wa aka bari?"
Na ce shinkafata za ta ƙone.

Alhamis, 3 ga Disamba
Mun haɗu da Kwang a bas. Ban tambaye shi ba, ya ce bayan an kama babansa, shekara goma ba a ambaci sunansa a gidansu ba, amma uwarsa ba ta daina ajiye kwanon baban a tebur ba. Sai ya koma zancen tsadar gas.

Asabar, 12 ga Maris 1988
An kaɗa sabon kiɗan da Kwang ya rubuta a wani ƙaramin zaure a unguwar Bloomsbury. Na tafi da Jane, abokiyar aikina. Makaɗa takwas, da gogensu na Sin mai tsirkiya biyu. Farkon duk hayaniya ce a kunnena, har na fara tunanin jirgin ƙasan da zan hau zuwa gida. Can sai ga waƙar Inna a bakin gogen. Ya kai wurin, ya yi shiru, ganga ta buga uku. Na ƙirga ba da niyya ba. Ham-da-tu. Sunana.
Jane ta miƙo hankici. Na ce mura ce.

Lahadi, 13 ga Maris
Fiyano tun ƙarfe takwas. Ban ɗauki tsintsiya ba. Na kai masa tuwo da miyar kuka, ya ci da tsinkayen cin abincinsu, abin dariya.
Da la'asar na sa kaset ɗin ina wanke-wanke. Wataƙila dai numfashin take ja, wa ya sani. Da taɓarya ta sauka sau uku, na ji bakina ya ce, "Na'am, Inna."