Kujerar da Suka Ba Ni a Gidan Makoki

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Zuwa ga Yaya Deborah,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara, kuma ina roƙon Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan da damunar Fatakwal take tayar miki. Mu nan sai godiya. Maigidana Bulus ya koma aiki bayan zazzaɓin da ya kwantar da shi, Caleb kuwa yana shirin jarrabawar fita sakandare, ko da yake ƙwallo ta fi karatu shiga ransa.

Kin tambaye ni a waya yadda nake tun da littafina ya fito, na ce miki lafiya lau. Ban yi ƙarya ba, amma ban cika gaskiya ba, shi ya sa na ɗauki biro. Koyarwata a Tarauni tana nan yadda kika san ta. In fita da sassafe in tsaya jiran adaidaita, in dawo da farin alli a hannu da tarin aikin yara da zan duba, in tarar da girki yana jirana. Abin da ya ƙaru shi ne kwalayen littafi a ƙarƙashin gado, da gayyata kusan kowace Asabar, yau coci, gobe makaranta, kowa yana so in zo in yi jawabi. Na gaji, Yaya, irin gajiyar da barci ba ya saukewa. Amma ba ita ce ta fi damuna ba.

Makon jiya mijin Rebecca ya rasu. Kin tuna ta, ƙawata ta Zumuntar Mata da ke Daurawa, wadda ta kula da ni lokacin haihuwar Caleb. Kin san yadda muke yi idan an yi rashi: kowace mace ta ɗaura zanen Zumunta ta wuce bayan gida inda ake hura wuta, a can ake girki, a can ake kuka, a can ake faɗin abin da ba a faɗa a gaban maza. Shekara da shekaru tuƙin tuwo rabona ne. Na taso daga makaranta, na ɗauki muciyata na tafi. Ina shiga, shugabarmu Maman Emmanuel ta karɓe ta daga hannuna cikin ladabi, ta ce yanzu na wuce shan hayaƙi. Ta kai ni ƙarƙashin rumfa, ta zaunar da ni a kujera kusa da Pasto da dattawan ikilisiya, ta ce ni zan rubuta tarihin marigayi da za a karanta wajen jana'iza. Girmama ni suka yi, na sani. Kuma ina ta tuhumar kaina, domin kujerar nan ta ɗan yi mini daɗi kafin ta fara yi mini zafi.

Da na kammala, na zaga baya neman ruwan sha. Muryoyin da nake jiyowa tun daga rumfa suka ɗauke gaba ɗaya. Sai Ogechi mai shagon kayan miya ta ce, da Hausarta ta 'yan kasuwa, kowa ta kama bakinta ga 'yar rahoto ta iso, wadda ta yi sakaci za ta tsinci kanta da mijinta a littafi na biyu. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma Rebecca da na tarar tana kuka sai ta share ido, ta gyara ɗankwali, ta gaishe ni kamar baƙuwa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ban sa sunan kowa a littafina ba, amma ina na samo matan cikinsa in ba a bakin murhun nan ba? Ba su yi kuskuren tsorona ba.

Ranar Asabar an gayyace ni hira a gidan rediyo, ranar kuma ita ce ta wanke tukwane a mayar wa masu su. Na ba masu hira haƙuri. Na je Daurawa, ban nemi izinin kowa ba, na zauna a kan turmi na jawo babbar tukunya na fara kankare ƙanzo. Ba wadda ta hana ni, ba kuma wadda ta yi mini magana. Can da aka fara watsewa, Rebecca ta zo ta zauna kusa da ni tana ɗauraye ludayi. Ta fara ba ni labarin kwanakin ƙarshe na mijinta, da wata magana da ya faɗa mata. Tana tsakiya ta tsaya, ta dube ni, ta tambaya ko wannan ma zai shiga takarda. Na ce mata a gaban Allah ba zai shiga ba. Sannan ta ƙarasa, ta yi kukanta a kafaɗata.

Yaya, tun da nake ban taɓa jin labarin da ya cancanci rubutu kamar wannan ba. Masu ɗab'i suna tambayar littafi na biyu, ga shi kuwa a cikina cikakke, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Amma an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ke da ban taɓa ɓoye wa komai ba, ke ma ba za ki ji shi ba. Ki dai sa ni a addu'a in iya riƙewa, domin ban amince da kaina ba.

Ki gaida maigida, da Tobi da matarsa, da Inna Binta maƙwabciyarki. Bulus da Caleb suna gaishe ki ƙwarai. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Ƙanwarki,
Rifkatu.